Na yi wa 'yata alkawarin kyanwa, ita kuma ta ce sai 'yar Farisa

Assalamu alaikum Hajiya. Ni magidanci ne a Kano, ma'aikacin gwamnati, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Babbar 'yata shekararta 12. Bara na yi mata alkawari in ta haɗa izu 20 zan ba ta duk abin da ta zaɓa, in dai bai fi ƙarfina ba. To ta haɗa, kuma abin da ta zaɓa kyanwa ce. Na ce ai da sauƙi, don kyanwar maƙwabcinmu ta haihu a ɗakin ajiyarsu, 'ya'ya huɗu, har matarsa na neman masu ɗauka. Sai yarinya ta ce ita ba irin wannan ba, irin wadda take gani a wayar uwarta take so, fara sol mai gashi buzu-buzu da shuɗin ido, wadda ake ce wa Pashiyan, wato 'yar Farisa. Na tuntuɓi wani mai sayarwa a Instagram, ya ce naira 350,000, in tura rabi ya sako ta a mota daga Legas. Mahaifiyata ta ji labari ta ce haramun ne cinikin kyanwa, kada in kuskura. Matata kuma ba ta son ko wacce, ta ce gashi zai cika mata gida, ga shi ƙaraminmu yana da asma. Abokina da na yi wa zancen 'ya'yan kyanwar maƙwabci dariya ya yi, ya ce tsintacciyar mage ba ta mage. Kuɗin zan iya haɗawa in na matse, amma raina bai kwanta ba, kuma ba na so in zama uban da ke saɓa alkawari. Ina neman shawararki.

Wani uba, daga Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ya nuna mana ranar saukarta. Izu 20 a shekara 12 ba wasa ba ne, ta cancanci tukwici.

Kafin komai, kada ka tura wa mutumin nan ko sisi. Ban san shi ba, ba zan kira shi ɗan damfara ba, amma abin da ya kawo maka cinikin biri ne a sama. Hoton farar kyanwa kowa na iya ɗaukowa a intanet ya manna a shafinsa. Yadda irin wannan ciniki ke ƙarewa kuwa sananne ne: ka tura rabi, gobe a ce direba na neman kuɗin keji, jibi a ce an tsare mota sai an biya kuɗin takardar likita, gata a daina ɗaukar wayarka. A ce ma mutumin kirki ne kuma kyanwar na nan, ka auna jaririyar dabba a cikin kwali a bayan mota tun daga Legas har Kano, tafiyar kilomita kusan 1,000, ga zafi ga hayaƙi, ba ruwa ba uwa. Wadda ta iso da ranta ma sau da yawa da mura da zawo take isowa.

Sai maganar da ka ajiye can ƙasan wasiƙarka, wadda ni a wurina ita ce ta farko, wato ɗanka mai asma. Uwarsa tana da gaskiya da ta tsorata, sai dai ba gashin ne kansa ke tayar da ciwon ba. Wani sinadari ne da ke cikin yawun kyanwa da maiƙon fatarta. Tana lasar jikinta ya bushe a kan gashi, ya bi iska, ya maƙale a labule da kafet da katifa. Kowace kyanwa tana da shi, mai dogon gashi da mai gajere, har da irin nan mara gashi ko ɗaya da Turawa ke kiwo. Duk mai sayarwar da ya ce maka tasa ba ta tayar da asma, kuɗinka yake so. Amma kuma ba kowane mai asma ne kyanwa ke tayar wa ciwo ba, wani ƙura ce matsalarsa, wani hayaƙin turaren wuta, wani sanyi. Ka fara tambayar likitan da ke duba yaron. In ya ba da dama, ka kai shi gidan maƙwabcin ya zauna kusa da 'yan kyanwoyin kamar rabin awa, abin shaƙarsa na aljihunka, ka maimaita sau uku ko huɗu a ranaku daban-daban. Ku lura da idonsa da hancinsa, ku saurari ƙirjinsa da dare. In ya fara ƙaiƙayin ido ko numfashinsa ya fara fito, magana ta ƙare, ba ta Farisa ba ta maƙwabci, sai a nema wa yarinya wani tukwicin, kuma na tabbata ita ma ba za ta zaɓi kyanwa a kan numfashin ƙanenta ba. Duk abin da zan faɗa daga nan, a kan cewa yaron ya tsallake wannan gwaji ne.

Mahaifiyarka ba daga ka ta yi maganarta ba. A Sahihu Muslim akwai ruwayar da Abu Zubair ya tambayi Jabir, Allah ya yarda da shi, game da kuɗin kare da na kyanwa, ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawatar a kan haka. Malamai irin su Ibnu Hazm da Ibnul Ƙayyim sun ɗauki hadisin a kan zahirinsa suka hana. Mafi yawan malamai kuwa, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun halatta sayar da kyanwar da ake amfana da ita. Imam Nawawi ya yi bayanin cewa ko dai hanin a kan kyanwar da ba ta da amfani ne, ko kuma hani ne na rashin dacewa, don mutane su saba da ba da ita kyauta da aro da sauƙaƙa wa juna. Ni ba malama ba ce, fatawa ka neme ta wurin malaminka. Abin da nake gani da idon mai shawara shi ne, hanya ɗaya akwai saɓani a kanta kuma mahaifiyarka ta ce kada ka bi, ɗaya hanyar ba wanda ya taɓa cewa komai a kanta, kuma ita ce ma Nawawi ya ce ana so mutane su saba da ita. Ajiye kyanwar kansa ba abin da ya same shi. A Muwaɗɗa Malik akwai labarin Abu Ƙatada da ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, matar ɗansa tana kallonsa da mamaki, ya gaya mata Annabi ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Ka faɗa wa uwargida wannan in tsarkin gida na cikin abin da ke damunta. Ka kuma tuna wa kanka ɗaya hadisin, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ranar da ka shigo da ita gidanka, cinta da shanta da jinyarta sun hau wuyanka.

Yanzu bari in ba ka labarin 'yar Farisar, don na taɓa zama da irinta.

Wata ƙawata ce da za ta bar gari ta bar mini ita, fara ce kamar auduga, baƙi in sun zo sai sun ɗauke ta hoto. Watan Afrilu na farko da ta yi a hannuna na gane abin da na ɗauko. An ɗauke wuta da rana tsaka, na neme ta ko'ina, sai na same ta shimfiɗe a kan tayil ɗin banɗaki, baki buɗe, harshe waje, ƙirji na sama da ƙasa kamar zugazugi. Kyanwa ba ta haki irin na kare, in ka ga tana numfashi da baki a buɗe to ta kai maƙura. Da jiƙaƙƙen tawul da mafici muka ceto ta. Dalilin a fuskarta yake. Wannan shafaffiyar fuskar da yara ke mutuwar so, hanci a lotse tsakanin idanu, ba haka kakanninta suke ba. Kyanwoyi masu dogon gashi da aka fara kaiwa Turai daga ƙasar Farisa, wato Iran ta yau, wajen shekarar 1620, hancinsu irin na kowace kyanwa ne. Masu kiwo a Ingila da Amurka ne suka yi ta haɗa mai gajeren hanci da mai gajeren hanci, shekara da shekaru, don su ci gasar kyau, har fuskar ta koma haka. Gasar ma ba ta daɗe ba, a 1871 aka yi babbar ta farko a Landan. Hancin ya gajarce, ƙofofinsa suka matse, hanyar da hawaye ke bi ya sauka ta murɗe. Shi ya sa kullum za ka ga idonta na zubar da ruwa yana barin jan tabo a gefen hanci, sai an goge safe da yamma, in hazon hunturu ya sauko kuma abin ya ninka. Shi ya sa take minshari. Kuma shi ya sa zafin Kano, da ke haura 40 a ma'auni kafin damina ta faɗi, yake iya kashe ta a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska. Gidanku wutar NEPA kuke jira, ko akwai sola mai ɗaukar na'urar tun daga hantsi har la'asar? Amsar wannan ta fi naira 350,000 muhimmanci.

Gashin kuma aiki ne na kullum. In aka yi kwana uku ba a taje ba sai ya cuɗe ya dunƙule a hammata da ƙarƙashin ciki da gindin wutsiya, ya ja fata, ƙuma ta samu maɓoya, kashi ya maƙale. Tawa sau biyu ana kai ta asibitin dabbobi a yi mata aski ƙwal, ta dawo kamar fiɗaɗɗen zomo tana ɓuya a ƙarƙashin gado don kunya. Irinsu kuma suna yawan ɗaukar makero, dogon gashin ya rufe shi ba a gani, sai dai ka ga zagayayyen tabo ya fito a wuyan yaro ko a kansa.

Abin da ya ɗauke tawa kuwa ƙoda ce, tana da shekara 8. Akwai ciwon gado a jinin 'yan Farisa, ana haihuwarsu da 'yan ƙananan ƙuraje masu ruwa a cikin ƙoda, suna girma a hankali har su cinye ta. Binciken da aka yi a Turai da Amurka kafin a fara tacewa ya samu ciwon a jikin kusan ɗaya cikin kowace uku. In uwa ko uba na da shi, kowane ɗa da aka haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Tun 2004 akwai gwajin ƙwayar halitta da ke nuna mai ɗauke da shi, masu kiwo na gaskiya a can suna yi su cire masu ciwon daga haihuwa. Ka tambayi mutuminka na Instagram ko an yi wa iyayen wannan gwajin, ka ji abin da zai ce. Wani abu kuma da ya kamata yarinyarka ta sani tunda fara mai shuɗin ido take so: da yawa daga fararen kyanwoyi masu shuɗin ido kurame ne tun daga haihuwa. Za ta yi ta kira ba a waiwayo ba.

Na san yaran yanzu, in ka rufe wannan ƙofa za ta dawo maka da wani hoton, don haka bari in riga ta. Akwai mai lanƙwasassun kunnuwa da zagayayyar fuska kamar mujiya, wadda ake kira Sikotish Fol. Wannan ko kyauta aka ba ka don a hayayyafa kada ka karɓa. Dukkansu daga kyanwa ɗaya suka fito, wata fara da wani makiyayi ya gani a wata gona a Sikotland a 1961. Abin da ya lanƙwasa kunnen lahani ne a guringuntsi, kuma guringuntsi ba a kunne kaɗai yake ba, yana gaɓoɓin ƙafa da wutsiya. Duk mai lanƙwasasshen kunne tana ɗauke da ciwon gaɓɓai, wata kaɗan wata da yawa, wannan zaman da take yi shiru wanda ake cewa haƙuri ne sau da yawa ciwo ne ya hana ta tsalle. Ƙungiyar masu rajistar kyanwoyi ta Ingila tun farkon shekarun 1970 ta daina karɓar su. Akwai Biritish mai launin toka da kumatu, gashinta gajere ne amma mai kauri kamar bargo, don sanyin ƙasarsu. Akwai Men Kun, ƙatuwa daga arewa maso gabashin Amurka inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, ita da Biritish duk ana samun ciwon zuciya na gado a jininsu. In dole sai na zaɓi 'yar waje, ta Siyam zan ɗauka, wato Tailan ta yanzu. Daga ƙasar zafi ta fito, gashinta gajere ne a kwance, hancinta a buɗe, ga shuɗin idon da yarinya ke so kuma tana ji sarai. Abin sha'awarta, fara ake haihuwarta, daga baya kunnuwa da hanci da ƙafafu da wutsiya su yi duhu, domin launin a wuraren da suka fi sanyi a jiki kaɗai yake fitowa. Sai dai akwai surutu. In ta fara kuka da dare kamar jariri ne aka tsunkula, uwargida ba za ta gode mini ba.

Amma in ka tambaye ni wacce na fi so duk duniya, ta gida ce, irin wadda ta haihu a ɗakin ajiyar maƙwabcinka. Mun raina ta ne don ba a sa mata kuɗi ba. Duk kyanwoyin duniya, da ta Farisa da ta Siyam da ta Landan, daga kyanwar daji ɗaya suka fito, wadda ke rayuwa a Afirka da Gabas ta Tsakiya, mai launin ƙasa da zane-zane a ƙafafu. Ta matso kusa da mutane ne lokacin da suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka biyo rumbu, ita kuma ta biyo ɓeraye. A tsibirin Kubrus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, mutum da kyanwa a gefensa. Ka dubi ta unguwarku da kyau, dogayen ƙafafu, siririn jiki, manyan kunnuwa, gajeren gashi, ita ce ta fi kama da kakar. Ba wanda ya zaɓa mata miji don siffar hanci, zafin nan da ƙurar nan su suka tace ta. Kuma tana aiki. Gidan da take ɓera ba ya sakewa, a ƙasar da zazzaɓin Lassa ke dawowa duk rani kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓeraye a gida. Tawa 'yar Farisar ɓera ya taɓa wucewa ta gabanta, ta bi shi da ido kawai, kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi.

Karin maganar abokinka gaskiya ne, amma ba a wurinsa ya ajiye shi ba. Masu iya magana sun lura da abu na zahiri: ka kamo babbar mage daga kasuwa ko bola, ka ba ta nama wata guda, ranar da ta ga ƙofa a buɗe ta tafi. Abin da ke sa haka, ɗan kyanwa yana da ɗan lokaci ƙanƙane da yake koyon yarda da mutum, daga sati 2 zuwa sati 7 da haihuwa. Wanda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakani, ya ji muryar yara da ƙarar turmi da ƙamshin girki, ya zama na mutane har ya mutu. Wanda ya wuce wannan lokaci a cikin kango bai ga kowa ba, da wuya ya sake jiki, ko nawa aka kashe masa. Wannan dokar ba ta san jinsi ba. 'Yar Farisar da ta tashi a keji a bayan gidan mai kiwo ba wanda ke taɓa ta, ita ma tsintacciya ce, sai dai tsintacciya mai tsada. 'Ya'yan maƙwabcinka kuwa ba tsintattu ba ne. Ka san uwarsu, ka san gidansu, kana iya sanin ranar da aka haife su, abin da mai Instagram ba zai iya ba ka ba.

Ga yadda zan yi da ni ce kai. Ka nemi izinin maƙwabci, yarinya ta riƙa shiga kullum bayan Islamiyya tana zama da su tana ɗaukarsu, ta wanke hannu in ta gama. Kada a raba su da uwarsu kafin sati 8, in an bari har sati 10 ko 12 ya fi, domin a wurin uwa da 'yan'uwa suke koyon binne kashi da wasa ba tare da fito da farce ba. Ku zaɓi mai tsabtar ido da hanci, mai ƙarfin wasa, wanda in an miƙa hannu shi ke tahowa. In akwai mai launi uku, fari da baƙi da ja, kusan tabbas mace ce, haka halittarsu take. Satin da kuka ɗauko ku kai asibitin dabbobi na gwamnati, a ba da maganin tsutsar ciki, a fara allurar rigakafi, a faɗa muku ranar dawowa. Allurar ciwon haukan kare kada a yi wasa da ita, ana yi daga wata 3, domin kyanwa ma tana ɗauka kuma ciwon yana nan a ƙasar nan. In ta ciji yaro ko ta yakushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti. Ka kuma yi magana da likitan a kan aikin hana haihuwa, don mace na iya ɗaukar ciki tun tana wata 5, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Daga nan ne ake samun kwalin jarirai da ake wayar gari a gani a bakin kwata. Namiji kuma in ba a yi masa fiɗiya ba zai zama muzuru, ya riƙa fesa fitsari a bango, ya kwana a yawo ya dawo da yagaggen kunne. In zuciyarka na ɗar-ɗar da hukuncin wannan, ka haɗa shi cikin tambayoyin da za ka kai wa malam.

Abinci, tuwo da miya ba za su riƙe kyanwa ba, maciyar nama ce, akwai abin da jikinta ke bukata wanda sai a nama yake, in ta rasa shi idonta da zuciyarta ke lalacewa. Ba sai ka sayi na gwangwani mai tsada ba, dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, kayan cikin kaza, ƙwai, ragowar nama da ba a sa wa yaji ba, sun isa, a haɗa da busasshen abincinsu na kanti in da hali. Albasa da tafarnuwa guba ne gare ta. Madarar shanu zawo take sa yawancinsu, duk da abin da muka taso muna gani. Kada wanda ya tausaya mata ya ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Maganin ƙuma na karnuka kada a shafa mata, fiya-fiya da maganin ɓera kuma a fitar da su daga gidan, don in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta ci. Bahon roba da yashi mai tsabta a lungu ya isa banɗaki, a kwashe kullum. In uwargida ta samu ciki, kwashe yashin ya fita daga hannunta gaba ɗaya, akwai ƙwayar cuta a kashin kyanwa da ke iya taɓa ɗan tayi.

Tunda na ambaci uwargida, Malam, a nan ka yi kuskure tun farko. Kai ka yi alkawari, amma ita za ta cika shi. Kai kana ofis, yarinya tana boko da safe tana Islamiyya da yamma, wa zai share gashi, wa zai kore ta daga kicin, wa zai ga aman da ta yi a kan kujera? Kyanwar da aka kula da ita tana kai shekara 15, wata ta wuce. Nan da shekara 6 ko 7 'yarka tana jami'a ko tana ɗakin mijinta, kyanwar tana nan tsakar gida da uwarta. Don haka ka zauna da ita, ba a gaban yara ba, ka nemi yardarta, ba sanarwa za ka yi mata ba. Ku yanka sharuɗɗa: ba shiga ɗakin kwana, musamman inda mai asma ke barci, ba hawa kan abin girki, abinci da yashi aikin mai kyanwa ne safe da yamma, kuɗin asibiti naka ne. Ka gaya mata ta gida gashinta bai kai rabin damuwar wanda take tsoro ba. In ta ce a'a bayan duk wannan, a'arta tana da nauyi, kada ka shigo da dabba ta bayan idonta ka bar ta da haushi, a kan kyanwar za ta huce.

Ita kuma yarinya kada ka yi mata dabara, kada ka ce kuɗi ne babu alhali ka ce kana iya haɗawa. Wadda ta riƙe izu 20 a kanta za ta riƙe gaskiya. Ka gaya mata alkawarinka na nan, kyanwa za ta samu. Ka ba ta labarin hancin da zafin Afrilu da ƙodar, ka gaya mata kakarta ba ta so a saya kuma kai ba ka tsallake maganar mahaifiyarka. Waɗanda take gani a waya, a nuna mata cewa an yi musu wanka an taje su an kunna fitila kafin a ɗauka, ba wanda ke ɗora hoton ranar aski. Za ta iya yin fushi kwana biyu, ka bar ta ta yi. Daga cikin kuɗin da ka yi niyyar matsewa ka ware na allurai da na aikin likita, ka ba ta wani abu ta saya wa kyanwarta kwano da abin wuya da kanta, sauran ka ajiye mata na walimar sauka. Zaɓe kuma nata ne, ita za ta nuna wanda take so cikin huɗun, ita za ta raɗa suna.

Ranar ɗaukowa ku tafi da kwali mai huji, ba buhu ba, ku roƙi matar maƙwabci ɗan tsumman da suke kwana a kai ku shimfiɗa a ciki, ƙamshin uwar zai rage kukan daren farko. Ku ajiye ta a ɗaki ɗaya a rufe na kwana huɗu ko biyar kafin ta fara zagaya gida, kuma sati uku na farko a kula da ƙofar waje, don gidan uwarta katanga ɗaya ce tsakani, tana jin kiranta za ta nemi hanya.